Radiyo a ƙasar Agiye: daga matsakaicin zango zuwa tashoshin karkara

Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu bi tarihin radiyo a gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji na jahar Maradi. Tambayar da muka sa gaba ita ce: wa ke magana cikin akwatin radiyo, daga ina kuma yake magana?

1. Muryoyin nesa

An buɗe Radiyo Nijar a Yamai a shekara ta 1958, ƙarƙashin kamfanin SORAFOM na Faransa. A 1967 aka kafa ofishin ORTN, a 1974 kuma, bayan juyin mulkin Seyni Kunce, tashar ta koma Muryar Sahel. A wancan zamani da fasahar AM ake watsa shirye-shirye, wato a gajeren zango da matsakaicin zango. Halin matsakaicin zango shi ne da rana ba ya nisa sosai, amma idan dare ya yi sai sararin sama ya mayar da shi ƙasa, ya kai ɗaruruwan kilomita. Wannan ya dace da rayuwar manomi, wanda ba ya samun sukunin saurare sai bayan sallar magariba.

Sai dai iska ba ta san iyaka ba. Yamai na da nisan fiye da kilomita 600 daga Maradi, alhali Katsina na nan kusa. Radiyo Kaduna, wadda ta fara aiki a 1962, mafi yawan shirinta da Hausa ne: Zaɓi Sonka, Jakar Magori, waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Anace. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Ita kuwa tashar ƙasa, tilas ta raba lokacinta tsakanin Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da harshen Buzaye. Ke nan gwamnatin Yamai ta tarar da masu gasa da ita a kunnen talakawanta tun daga farko.

2. Kulob na radiyo

Wata dabarar da aka ɓullo da ita ita ce ƙungiyar kulob na radiyo, wadda aka kafa a 1962 zamanin Jori Hamani. Ga yadda aikin yake: a zaɓi batu, kamar noman gyaɗa, tsabtar ruwan sha ko karatun manya. Mai jagora, galibi malamin lakkwal ko malamin asibiti, ya tara mutanen gari su saurari shirin tare, su yi mahawara, shi kuma ya ɗauki muryoyinsu a na'ura ya aika Yamai. Can a tace, a haɗa sabon shiri. Ta haka baƙauye ya fara jin muryar ɗan'uwansa a radiyo. Amma zaɓen batu da almakashin tacewa duk suna hannun birni.

3. Abin da ake watsawa

Shirye-shiryen Muryar Sahel za a iya kasa su gida huɗu. Na farko, labaru da jawaban hukuma. Na biyu, wayar da kai kan noma, kiwo da lafiya; a nan ne mahawarar ƙasa kan yaƙi da hamada, wadda aka yi a Maradi a 1984, ta isa ƙauyuka, a ƙasar da daga baya garin Ɗan Saga ya yi suna wajen barin itatuwa su tofo cikin gona. Na uku, sanarwa da gaisuwa: rasuwa, ɗaurin aure, cigiyar dabba. Na huɗu, nishaɗi: wasan kwaikwayo, waƙoƙin gargajiya, da kokowar ƙasa wadda aka fara a Tawa a 1975, inda mai ba da labari ke zame wa dubban mutane ido.

4. Zuwan FM

Babban taron ƙasa na 1991 ya kawo ƙarshen kankane iska da gwamnati ta yi. Tashar R&M ta buɗe a Yamai a 1994, Anfani ta biyo baya, har ta kafa reshe a Maradi. A 1999 aka buɗe radiyon karkara na farko a Bankilare, mai aiki da hasken rana, sannan irinsa suka bazu cikin jahohi. FM ba ta wuce ƴan gomiyoyin kilomita, amma wannan rashin nisa shi ne ƙarfinta: mai magana ɗan gari ne, da Katsinanci ko Gobiranci yake magana, farashin da yake faɗa kuma na kasuwar da mai saurare ke ci ne. Matsalarta ita ce kuɗi, don kuɗin sanarwa ba sa isa gyaran na'ura da biyan ma'aikata, sai a dogara ga ƙungiyoyin agaji.

Kammalawa

FM tana buƙatar izinin hukuma da eriya a cikin ƙasa, shi ya sa rufe ta ba wuya, kamar yadda aka dakatar da RFI a 2023. Tsohon zango kuwa yana tsallake iyaka ba da biza ba. Aikin gaggawa da ke gaban masu bincike shi ne tattara faya-fayan kulob na radiyo da jin ta bakin tsofaffin jagororinsu, domin a cikinsu ne muryar manoman shekarun 1960 ta saura.