Alli da wayar walda

Tun da na miƙa wa yara makullin gareji na koma zaman ƙofar gida, ban ji tambayar da ta sosa mini rai kamar ta ɗan ƙanena ba. Ya samo tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura, ya ɗora mata injin Toyota, yana so ya sa mata AC. Sai ya buɗe mini hotunan kawunan tiyo a salula, ya ce, "Baffa, wanne zan yi oda?" Na ce ka ɗaure kwamfaresa? Ya ce tukuna. Kwandensa fa? Tana cikin kwali. To odar me za ka yi?

A wurin maigidana, Allah Ya jiƙansa, tiyo shi ne aikin ƙarshe. Sai kwamfaresa ta zauna a biraket ɗinta, bel ya miƙe, kwandensa ta samu wuri gaban lagireto, diraya ta tsaya a tsaye, sannan zai ce a miƙo masa wayar walda. Zai lanƙwasa ta daga wannan baki zuwa wancan, ta bi duk inda tiyo zai bi, ta kauce wa bututun hayaƙi, ta kauce wa fanka, ya bar ɗan sako-sako saboda inji yana rawa, jikin mota ba ya yi. Wayar nan ce ke faɗa masa tsawo, ita ce ke faɗa masa ko miƙaƙƙen kai ake so, ko mai kwanar 45, ko 90. Idan an yanka tiyo an cusa kawunan, ba a matse su. A mayar kan mota, a juya kowane kai ya fuskanci bakinsa, ya ja layin alli daga ƙarfe zuwa roba, sannan a cire a kai wurin matsi. Kan da aka matse ba ya sake juyawa. Idan ya karkace ka murɗa tiyon da ƙarfi don noti ya kama, roba za ta yi ta ƙoƙarin komawa yadda take har ta kwance notin ko ta tsage a wuya.

Lokacin nan 504 ce ta cika titi, tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, kuma da yawa sun fito ba AC. Mai hali ya saya ya kawo mana. Kusan kowace mota aikin ƙira ne: biraket mu muke yanka shi daga falankin ƙarfe, ramin da tiyo zai ratsa zuwa cikin mota mu muke hudawa, mu sa masa roba a baki don kada ya ci tiyon. Kwamfaresar York muka fara sha, mai fistin biyu, ga nauyi ga jijjiga, tana karya biraket tana karya fayif. Da Sanden 508 ta shigo sai muka samu sauƙi.

Kawunan zamanin masu faffaɗan baki ne, ƙarfe kan ƙarfe, ba zoben roba. Maigida da hannunsa yake buɗa bakin, ya ɗaga shi sama ya duba a hasken rana, ya ga tsaga ko da siririya ce ya yanke ya sake. Wata rana wani Alhaji mai Hiace da muka sa wa ebaporeta ta biyu a baya ya zo yana sauri, zai kai iyali Maiduguri. Layin dawowa ya yi tsawo, maigida ya ce lamba 12 za a sa, lamba 10 ta yi kaɗan. Aka zaga kasuwar Ƙofar Ruwa ba a samu ba. Alhaji ya ce a sa abin da ke akwai, shi ya ji ya gani. Maigida ya rufe bonet, ya ba shi makulli, ya ce ya sauke gilashi ya sha iskar Allah. Sai da aka aika Legas. Alhajin ya yi fushi ya tafi, ya kuma dawo da ƙafarsa.

Lambobin dai ba su canza ba har yau: 6 daga kwandensa zuwa diraya zuwa bawul, 8 daga kwamfaresa zuwa kwandensa, 10 mai dawowa. Gas ne ya canza. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 aka fara janye R12, motocin Kwatano suka riƙa zuwa da R134a, kuma sabon gas yana ratsa tsohuwar roba. Shi ya sa aka kawo tiyo mai shimfiɗar nailan a ciki. Abin da muka gani da idonmu shi ne, tsohon tiyon da ya daɗe yana shan man R12 yakan riƙe sabon gas ba laifi, don man ya riga ya toshe shi. Sabon tiyo irin na da ne ba ya riƙewa.

A nan aikin ya fara lalacewa. Kai mai haƙora da kilif, wanda muke sa wa tiyon da, bai dace da mai nailan ba. Haƙoran suna yaga shimfiɗar. Nasa kan mai santsi ne, da hular ƙarfe da ake matsewa a inji. Mai nailan ɗin ma iri biyu ne, mai kaurin baya da mai sirantaccen baya, cikinsu ɗaya, hularsu daban. Ka sa hular mai kauri a kan siriri, ta matsu a ido, a bar ta da zafin Afrilu a cunkoson Kano, geji ya haura 250, ka ji fus. Akwai kuma tarkon da ya fi cin yara: noti lamba 8 na faffaɗan baki da na zoben roba zarensu ɗaya ne. Zai shiga, zai ɗauru, ba zai riƙe gas ba. Balle injin Japan irin na ɗan ƙanen nawa, da kwamfaresar Denso wadda bakinta faifai ne mai kusa, ba noti ba. Sai an nemo mahaɗi, ko a yanko asalin kan daga Panteka a yi masa waldar alminiyam.

Yaran yanzu sun fi mu kayan aiki, ban musa ba. Amma za ka ga an kai tiyon AC wurin masu matse tiyon katafila, an murƙushe kan alminiyam har ya fashe ta ciki. Za ka ga an mayar da baƙin zobe tsoho a bushe, maimakon kore sabo da ɗigon mai. Ba a ja iska da bakum, ba a bi mahaɗai da kumfar sabulu. Bayan wata biyu mai mota ya dawo, a ce masa gas ya ƙare, a ƙara, a karɓi kuɗi. AC ba ta cin gas. Idan ya ragu, wani wuri yake fita, kuma ka nemi inda mai ya jiƙa ƙura ta manne, galibi a wuyan kai za ka same shi. Har bakin cika gas sai yaran su sa shi ƙarƙashin manifol, inda hannu ba ya shiga sai inji ya huce.