Kazaure Tsakanin Kano da Katsina da Daura: Waiwaye a Kan Tarihin Mulkinta

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda Kazaure, wadda manyan masarautu uku suka sa a tsakiya, ta riƙe sunanta da sarautarta duk da sauye-sauyen tsarin mulki da aka yi daga ƙarni na 19 zuwa yau. Garin yana kan hanyar Kano zuwa Daura. Kano tana kudu da shi, Daura tana arewa, ƙasar Katsina kuwa tana yamma. Duk ukun sun girme shi nesa ba kusa ba, kuma daga jikinsu aka yanki ƙasarsa.

2.0 Kafuwar Masarauta

Kazaure ɗiyar jihadi ce, amma tawaye ne ya haife ta. Ɗantunku, Bafillacen da ya kafa ta, yana cikin waɗanda suka taimaka aka ci Sarkin Kano Alwali a yaƙin Ɗanyaya, kuma ya yi ƙarfi a yankin Dambatta. Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, sai Ɗantunku ya ƙi yin mubaya'a. Aka shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa. Dambatta ta koma hannun Kano, amma Dabo bai iya murƙushe abokin gabarsa ba. Daga bisani Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar da Kazaure a matsayin masarauta mai bin Sakkwato kai tsaye.

Wannan hukunci shi ne ƙashin bayan tarihin garin. A ganina, an fi fahimtarsa idan aka dube shi ta fuskar siyasar Sakkwato. Kano ce mafi arziki a daular, kuma ƙaramar masarauta a arewacinta, wadda ba ta da madogara sai Sarkin Musulmi, abin so ce ga duk mai tsoron Kano ta fi ƙarfin a tanƙwara ta. Watau ƙanƙantar Kazaure ita ce ta zame mata garkuwa.

Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi, ya faɗaɗa ƙasa, ya kuma zaunar da sarauta a Kazaure. Sai dai zaman bakin iyaka yana da tsada. A 1857 rundunar Sarkin Damagaram Tanimu ta kashe Dambo, hare-haren Damagaram kuma suka ci gaba har cikin shekarun 1890.

3.0 Daga En'e Zuwa Ƙaramar Hukuma

Turawa sun ci Kano a 1903. Da suka tsara larduna, sai suka sanya Kazaure a Lardin Kano tare da Haɗeja da Gumel. A nan ne abin da Ɗantunku ya yi yaƙi don gudunsa ya dawo ta bayan gida. Sarkin Kazaure bai koma ƙarƙashin Sarkin Kano ba, yana da En'ensa da baitulmali da alƙalai da 'yan doka, amma Razdan yana Kano, kuma can ake yanke duk wata babbar magana. Da jirgin ƙasa ya iso Kano aka shiga cinikin gyaɗa gadan-gadan daga 1912, kasuwa ma ta karkata can. Ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ya ƙara ɗaure wannan igiya.

Bayan 1967 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Sannan garambawul na 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya, ya mayar da majalisun sarakuna masu ba da shawara. Soke haraji da jangali da gwamnatin Abubakar Rimi ta yi a 1979 ya raba hakimi da dagaci da babban aikin da talaka ya san su da shi.

Masu nazarin harshe za su lura cewa kowane zango ya bar kalmominsa. Hakimi da dagaci sun riga Turawa zuwa, En'e da Di'o da Razdan na zamanin mulkin mallaka ne, ciyaman da kansila da sakatariya kuwa sun bunƙasa ne bayan 1976. Abin lura shi ne sababbin ba su kori tsofaffin ba. Mai rikicin gona har yanzu yakan fara da mai unguwa da dagaci kafin ya tuna da kansila.

4.0 Jihar Jigawa

A ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Jihar Kano, da hedkwata a Dutse. Kazaure ta zama ɗaya daga masarautu biyar na jihar, tare da Dutse da Haɗeja da Gumel da Ringim. Daga ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, huɗu ne a ƙasar Kazaure: Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi.

A takarda, wannan shi ne karo na farko tun zuwan Turawa da Kazaure ta fita daga inuwar Kano. A aikace kuwa, tana can kusurwar arewa maso yammacin jihar, kuma matafiyi daga Kazaure zuwa Dutse yakan ratsa ta Kano ne. Hatta sunan jihar, wanda ke nufin ƙasa mai rairayi, bai dace sosai da duwatsun Kazaure da na Roni ba. (Mu da aiki ya kawo nesa da gida mun saba jin mutumin Kazaure ya ce wa baƙo shi daga Kano yake, don gudun dogon bayani, amma ba zai faɗi haka a gaban Bakano ba.)

Rarraba ƙasar gida huɗu ya kai sakatariya da albashi garuruwan da da can hakimi kaɗai suka sani. Amma ya bar masarautar ba ta da wata hukumar mulki guda da ta haɗa ta. Ciyamomin huɗu kowa Dutse yake kallo, domin ta asusun haɗin gwiwa na jiha kuɗinsu suka daɗe suna biyowa, al'amarin da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kansa a Yulin 2024, inda ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Wurin da mutumin Roni da na 'Yankwashi suke haɗuwa a matsayin 'yan ƙasa ɗaya shi ne fadar Sarki Najib Hussaini Adamu, wanda ya hau gadon a 1998, musamman ranar hawan salla, lokacin da hakimansu suke zuwa jahi.