Rini Kafin Mai: Tarihin Tartibin Gyaran Gashi a Katsina

Duk wanda ya san Katsina ya san cewa rini ya daɗe da samun gindin zama a cikinta, har ma ɗaya daga cikin manyan waliyyanta na ƙarni na 17 ba a san shi da wani suna a bakin jama'a ba sai Ɗan Marina. Amma abin da marubuta tarihi ba su cika kula da shi ba shi ne, baban da ake jiƙawa a karofi domin riguna da rawuna bai tsaya ga tufafi kaɗai ba, ya hau har kan mata. Bature Clapperton, wanda ya sauka Kano a shekarar 1824, ya kuma biyo ta Katsina sa'ad da yake komowa daga Sakkwato, ya rubuta cewa matan ƙasar nan suna shafa shuni ga gashinsu da girarsu, har ya bayyana yadda ake samo shi daga tsohuwar riga wadda aka sake turawa a baba.

Iyayenmu mata sun san rini iri biyu ne, kuma ɗabi'arsu ba ɗaya ba ce. Shuni a bisa gashi yake zama, ba ya kutsawa ciki, shi ya sa yakan bar alamarsa ga ɗankwali da matashin kai. Lalle kuwa yana ɗauke da wani sinadari wanda yake damƙar jikin gashin kansa, ta yadda ba ya fita sai dai gashin ya tsiro sabo. To, da yake maiƙo yana tsare lalle kada ya kama, sai makitsa suka tsayar da tartibi wanda ba a ƙetare shi: a tsefe kai tukuna, a wanke shi da sabulun salo ko da karkashi har dauɗa da tsohon man shanu su fita sarai, a cusa lallen da aka kwaɓa a naɗe kai a bar shi ya jima, sa'an nan bayan an ɗauraye ya sha iska a kawo man shanu ko man kaɗanya a mulke, kana a zauna kitso. Ba a littafi suka karanta wannan ba, a hannu suka gane shi, uwa ta nuna wa 'ya, kuma tsohuwar da ta ga yarinya ta ɗauko mai kafin lalle ba za ta yi mata dogon sharhi ba, za ta karɓe ƙwaryar ne kawai ta ce, “Ke 'yar nan, gaggawar me kike yi?”

Malamai ma ba su bar wannan babi ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ranar da aka buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a sauya furfurar, a kuma nisanci baƙi. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani kuwa, wadda almajiran zaurukan Katsina suke biyawa tun zamanin da, ta karhanta rina gashi da baƙi ba tare da ta haramta ba, ta kuma yarje lalle. Haka nan shari'a ta sanya wa ado lokaci, domin mai takaba ba ta kusantar lalle har wata huɗu da kwana goma su cika. Ke nan tambayar “yaushe” ta riga zamaninmu da nisa.

Bayan Turawa sun ci ƙasar Katsina a 1903, sai suka kafa barikinsu a wajen ganuwa, bisa ƙa'idarsu ta raba mazauninsu da na 'yan ƙasa da fili mai faɗi, kuma daga wannan keɓewa ne unguwar GRA ta samo asali. Da aka sami mulkin kai a 1960 manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen, da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 unguwar ta ƙara bunƙasa; matan waɗannan gidaje kuwa, saboda zirga-zirgarsu tsakanin Kaduna da Ikko da Jidda, suna cikin na farkon da suka saba da man miƙar da gashi da rinin kwalba, wanda wani Bafaranshe mai suna Eugène Schueller ya fara sayar wa masu gyaran gashi a Faris wajen 1907. Shi wannan rini, wanda muke kira dayis, buɗe ɓawon gashi yake yi da ƙarfi domin launi ya shiga, man miƙarwa kuma karya ƙarfin gashin yake yi domin ya kwanta, saboda haka duk wadda ta haɗa su rana ɗaya ta ga gashinta a cikin mataji.

Gyaran keratin shi ne na baya-bayan nan. Daga ƙasar Barazil ya yaɗu a farkon shekarun 2000, kuma yadda ake yin sa shi ne a shafe gashi tsaga-tsaga da ruwan maganin, a busar, sa'an nan a bi shi da ƙarfen guga mai zafin da yakan kai digiri 230, har ya zama an lulluɓe kowane zare da wani siririn rufi mai sheƙi wanda yakan yi wata uku ko fiye. A nan ne tsohuwar mas'ala ta komo da sabuwar riga. Idan aka yi keratin sa'an nan aka bi shi da rini nan take, rufin zai hana launi kamawa daidai, rinin kuma zai kankare rufin, a yi asarar kuɗi ta fuska biyu. Idan kuwa rini aka gabatar, rufin zai zo ya danne shi ya tsare shi, ko da yake zafin guga yakan ɗan hasko launin, don haka gwanaye sukan zaɓi wanda ya ɗan fi duhu. Wadda ta riga ta yi keratin kuma, haƙƙinta ta dakata mako biyu kafin ta yi rini. A ganina, mai shagon da za ta iya duban matar babban mutum, ga kuɗi a hannu, ga biki ya matso, ta ce, “Hajiya, ki yi haƙuri sai bayan sati biyu,” ita ce magajiyar makitsan da ta haƙiƙa.

Sai dai akwai abin da ya bambanta yau da jiya, kuma shi ne ya fi damuna. Mai kwaɓa lalle ta san ganyen da ta daka, alhali kuwa da yawa daga cikin ruwan keratin suna fitar da sinadarin fomaldehaid in guga ta taɓa su, wato abin da ake haɗa ruwan adana gawa da shi, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta lissafa cikin masu jawo cutar tun 2004, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka kuma ta yi gargaɗi a kansa a 2011. Hajiya sau uku ko huɗu a shekara take shaƙar wannan hayaƙi, amma yarinyar da take riƙe da guga a ɗaki rufaffe mai na'urar sanyi kullum take shaƙarsa, idanunta suna hawaye, tana zaton gajiya ce. Wajibi ne a buɗe taga, a kuma karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Ga kuma sha'anin tsarki. Tsohon samfurin keratin yana sharɗanta kada ruwa ya taɓa kai har kwana uku, alhali alwala tana neman shafar kai, wankan wajibi kuma a mazhabar Imamu Malik yana neman ruwa ya game gashi tare da cuɗawa. Saboda haka mace mai lura takan kirdadi kwanakin da ba ta salla ta yi gyaran a farkonsu, ko kuma ta nemi sabon samfurin da ake wankewa tun ba a bar shagon ba, bayan ta riga ta gama da rini.