BIOS da UEFI: Yadda ake gano matsalar kwamfutar da ta ƙi tashi, da lokacin da ya dace a sabunta su

Sau da dama kwamfuta takan kunnu, fitilarta ta kama, fankarta ta juya, amma ta kasa kaiwa ga Windows. Wata takan tsaya a kan tambarin kamfanin da ya ƙera ta, wata ta fito da saƙo a baƙin sikirin, wata kuma ba ta nuna komai. A irin wannan hali mutane da yawa kan yi gaggawar goge kwamfutar ko su sa a sabunta mata BIOS, su yi asarar takardu da hotuna, wani lokaci ma har da kwamfutar kanta. Akasarin waɗannan matsaloli suna da alamar da ke nuna tushensu, kuma karanta alamar kafin a taɓa komai shi ne matakin farko na gyara.

Mene ne BIOS da UEFI

BIOS ƙaramar manhaja ce da ke zaune a cikin wata 'yar na'ura da aka manna a jikin babban farantin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod. Ita ce ke fara aiki da zarar an danna makunni. Tana duba firosesa da RAM da sikirin da madannai, sannan ta nemo faifan ajiyar da ke ɗauke da Windows ko Linux ta miƙa masa ragamar aiki. Wannan binciken farko shi ake kira POST.

Sunan BIOS ya fara bayyana ne a 1975 a manhajar CP/M ta Gary Kildall, ya kuma yaɗu bayan kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta ɗaiɗaikun mutane a 1981. Da tafiya ta yi nisa tsohon tsarin ya gaza, domin salon raba faifai da yake amfani da shi, wato MBR, ba ya iya sarrafa fiye da kimanin terabait 2. Kamfanin Intel ya ɓullo da sabon tsari mai suna EFI a ƙarshen shekarun 1990, kuma a 2005 manyan kamfanonin kwamfuta suka kafa ƙungiyar da ke kula da shi a ƙarƙashin sunan UEFI. Kusan duk kwamfutar da aka ƙera daga 2012, shekarar da Windows 8 ta fito, UEFI take amfani da shi, sai dai jama'a da su kansu kamfanonin sun ci gaba da kiran sa BIOS.

Yadda ake shiga

Ana shiga shafin saitin BIOS ne ta hanyar danna wani maɓalli a kai a kai cikin daƙiƙun farko bayan kunna kwamfuta. A kwamfutocin Dell, F2 ne ke buɗe saiti, F12 kuma ya nuna jerin wuraren da za a iya tashi daga gare su. A na HP, F10 ne na saiti, F9 na jerin, Esc kuma yana nuna dukkan zaɓuɓɓuka. Lenovo ThinkPad na amfani da F1, yawancin sauran samfuran Lenovo da Acer da Asus kuma F2. Kwamfutocin tebur da aka harhaɗa galibi suna amsa maɓallin Del.

Kafin a canza komai, yana da kyau a ɗauki hoton kowane shafi da waya, sannan a riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda ana gwadawa. Wanda ya canza saiti biyar a tare ba zai san wanne ne ya gyara ko ya ɓata ba.

Agogo da kwanan wata na komawa baya

Wannan matsala ce da ake yawan cin karo da ita a tsofaffin kwamfutoci, ciki har da na hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, waɗanda ake kira tokunbo. Akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo a jikin bod, galibi samfurin CR2032 mai ƙarfin bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saiti idan an kashe kwamfuta. Yakan yi shekaru yana aiki, amma idan ya mutu, kwanan wata kan koma wata shekara ta baya a duk lokacin da aka cire wuta. Kwamfutocin Dell kan rubuta "Time-of-day not set", na HP kuma su ambaci CMOS tare da lamba 502.

Illar ba ta tsaya ga agogo ba. Shafukan intanet masu tsaro, irin na banki ko na rajistar jarrabawa, sukan ƙi buɗewa idan kwanan watan kwamfuta bai yi daidai ba, saboda takardun shaidar tsaronsu suna da wa'adi. Maganin shi ne a canza batirin, a shiga BIOS a gyara kwanan wata da lokaci, a adana. A wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka batirin yana naɗe da roba tare da 'yar waya, don haka sai an nemi irinsa.

Kwamfuta ta ce ba ta ga abin tashi ba

Saƙonni irin su "No bootable device", ko "Boot Device Not Found" tare da lamba 3F0 a kwamfutocin HP, suna nufin BIOS ya gama bincikensa amma bai samu inda Windows take ba. Abin da za a fara yi shi ne cire duk wata filasha ko faifan waje da ke jone, domin kwamfuta na iya ƙoƙarin tashi daga gare su. Idan saƙon ya ci gaba, sai a shiga BIOS a duba ko sunan faifan ajiya ya bayyana.

Idan sunan ya bayyana, matsalar ta saiti ce a mafi yawan lokuta. A tabbatar "Windows Boot Manager" ne a saman jerin. A kuma duba salon tashi, domin Windows da aka ɗora a tsohon salo, wanda ake rubutawa Legacy ko CSM, ba za ta tashi ba idan saiti ya koma UEFI, haka ma akasin hakan. Wannan yakan faru bayan mutuwar ƙaramin batirin nan, lokacin da saiti ya koma yadda ya fito daga kamfani. Haka kuma sauya salon faifai tsakanin AHCI da RAID na iya haifar da shuɗin sikirin mai ɗauke da "INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE", kuma mayar da shi yadda yake a da yana warware matsalar.

Idan kuwa sunan faifan bai bayyana ba kwata-kwata, to ko ya goce daga mazauninsa ko ya lalace. A nan babu saitin da zai taimaka. Dell da HP suna da manhajar gwajin kayan ciki da ake samu ta F12 a Dell da F2 a HP. Faifan da ke ƙara ko yake ɓacewa yana dawowa, abu mafi muhimmanci shi ne a kwashe bayanan da ke cikinsa kafin a yi tunanin sake ɗora Windows.

Baƙin sikirin da ƙarar gargaɗi

Kwamfutar da ta kunnu ba tare da nuna komai ba takan yi bayani ta hanyar ƙara ko ƙyaftawar fitila. Adadin ƙarar da launin fitilar suna da ma'ana, amma ma'anar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka sai a ƙirga su a duba littafin wannan samfurin a shafin kamfanin.

Abin da aka fi samu a irin wannan hali shi ne RAM da ya goce ko ƙura ta shiga mazauninsa, lamarin da ke ƙaruwa a lokacin hunturu. A kashe kwamfuta, a cire waya da babban batir idan yana ciruwa, a danne makunni na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita, a taɓa wani ƙarfe kafin a sa hannu a ciki. Daga nan a zare RAM, a goge bakinsa a hankali, a mayar har ya zauna daram. Idan guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Haɗa kwamfutar da talabijin ko wani sikirin na waje kuma yana nuna ko sikirin ɗin ne ya mutu.

Idan baƙin sikirin ya biyo bayan canza saiti ne, kamar ƙara wa RAM gudu ta hanyar XMP, cire ƙaramin batirin na 'yan mintuna a kwamfutar tebur yana mayar da saiti na asali.

Windows 11, TPM da Secure Boot

Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11 a ranar 5 ga Oktoba, 2021, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Sabuwar manhajar tana buƙatar UEFI mai iya Secure Boot, wato tsarin da ke hana manhajar da ba a tantance ba tashi kafin Windows, da kuma na'urar tsaro TPM 2.0.

Kwamfutoci da yawa suna da TPM amma a kashe yake. A masu firosesan Intel ana samun sa da sunan PTT, a masu AMD kuma fTPM, galibi a sashen tsaro na BIOS. Rubuta tpm.msc a akwatin bincike na Windows yana nuna halin da yake ciki, msinfo32 kuma yana nuna lambar BIOS da salon tashi. Sai dai kunna TPM ba ya wadatarwa idan firosesan ya tsufa, domin jerin da Microsoft ya amince da shi ya fara ne galibi daga zubi na 8 na Intel da Ryzen 2000 na AMD. Wannan abin lura ne ga mai shirin sayen tokunbo.

Lokacin da ya dace a sabunta

Sabunta BIOS yana nufin goge manhajar da ke cikin 'yar na'urar nan a rubuta wata. Idan wuta ta yanke a tsakiyar aikin, ko aka ɗora fayil na wani samfuri daban, kwamfuta na iya ƙin kunnuwa gaba ɗaya. Don haka ba a yin sa a matsayin gwaji, gudun kada garin neman gira a rasa ido.

Akwai dalilai ingantattu guda uku. Na farko, idan kamfani ya toshe wata kafar tsaro, kamar yadda ya faru bayan da aka bayyana wa jama'a Spectre da Meltdown a Janairun 2018 da LogoFAIL a Disamban 2023. Na biyu, idan bayanin sabon zubin ya ambaci ainihin matsalar da ake fama da ita, kamar gyaran da Intel ya fitar ta hanyar BIOS a 2024 ga firosesocin tebur na zubi na 13 da 14 da ke tsayawa ba zato. Na uku, idan za a sa sabon firosesa da tsohon zubin bai san shi ba. Bayan waɗannan, takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ya fitar a 2011 wa'adinsu na fara ƙarewa daga Yunin 2026, kuma sababbin suna isowa ne ta sabuntawar Windows da ta kamfanonin kwamfuta.

Matakan kariya

A sauko da fayil daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar kaɗai, ta amfani da lambar da ke manne a ƙasanta, domin samfura biyu masu suna kusan iri ɗaya na iya bambanta a ciki. A kwafe muhimman bayanai zuwa wani wuri.

Batun wuta shi ne mafi girma a Najeriya, inda ake yawan ɗauke lantarki ba tare da sanarwa ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana buƙatar batir mai caji sosai tare da caja a jone, wadda batirinta ya mutu kuwa ba ta da wata kariya. Kwamfutar tebur tana buƙatar UPS ko inbata mai caji. Janareta kaɗai ba abin dogaro ba ne, tunda yana iya mutuwa ko wutarsa ta yi sama da ƙasa.

Sai kuma BitLocker, tsarin da ke kulle bayanan faifai, wanda a kwamfutoci da yawa yake kunne ba tare da mai su ya sani ba. Bayan sabunta BIOS ko canza saitin TPM, Windows na iya neman mabuɗin ceto mai lambobi 48. Galibi yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar, ko a wurin sashen fasaha idan ta ofis ce. Wajibi ne a nemo shi a rubuta, a kuma dakatar da BitLocker kafin a fara, domin idan babu mabuɗin, babu mai gyaran da zai iya buɗe bayanan.

Da zarar aiki ya fara, sikirin na iya yin baƙi, fanka ta yi ƙara, kwamfuta ta kashe kanta ta sake kunnuwa fiye da sau ɗaya. Duk wannan ba matsala ba ne, kuma ba a danna makunni har sai ta kammala.

Idan sabuntawa ta lalace

Kamfanoni sun tanadi hanyoyin ceto. A kwamfutocin HP da yawa, ana danne maɓallin Windows da B tare da makunni. A na Dell, ana danne Ctrl da Esc yayin da ake jona caja. Wasu faranta na Asus da MSI da Gigabyte suna da maɓalli a bayansu da ke ɗora BIOS kai tsaye daga filasha. Idan duk waɗannan suka gaza, ƙwararren mai gyara na iya sake rubuta 'yar na'urar da keɓaɓɓen kayan aiki, wanda ya fi sauƙin kuɗi a kan sauya bod. Ana samun masu wannan aiki a manyan kasuwannin kayan fasaha irin su Computer Village a Ikeja da Banex a Abuja.

Abin dubawa kafin sayen tokunbo

Mai saye ya nemi a buɗe masa BIOS a gabansa. Idan aka nemi kalmar sirri da mai sayarwa bai sani ba, gara a haƙura, domin a kwamfutocin tafi-da-gidanka na zamani cire ƙaramin batir ba ya goge ta, kuma kamfanoni kan nemi shaidar mallaka kafin su taimaka. A duba ko lambar da BIOS ya nuna ta yi daidai da wadda ke jikin kwamfutar, a tabbatar girman RAM da faifai sun dace da abin da aka faɗa, a kuma kashe ta a cire caja a sake kunnawa don ganin ko agogo yana riƙe lokaci. Binciken ba ya wuce 'yan mintuna, kuma ya kamata a yi shi kafin a biya kuɗi.