TARIHIN KARTA: DAGA FADAR MISIRA ZUWA GINDIN BISHIYA

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ita karta ta bar gidaje da dama, kuma kowane gida sai da ya bar mata tabo a jiki. Mu da muka taso muna ganinta a hannun matasa a gindin bishiya, da wuya mu taɓa tsayawa mu tambayi inda waɗannan 'yan takardu 52 suka fito.

Masana tarihi sun haɗu a kan cewa a ƙasar Sin aka fara karta, wato inda aka ƙago takarda da kuma ɗab'i da katako. Daɗaɗɗen bayanin da ba a jayayya a kansa shi ne na shekarar 1294, lokacin da hukuma ta kama wasu 'yan caca biyu da katunan takarda da allunan da ake buga su.

Daga nan wasan ya bi fatake zuwa ƙasashen Musulmi. A shekarar 1939 wani masani mai suna Leo Mayer ya gano wata karta ta zamanin daular Mamluk ta Misira a Fadar Topkapi da ke Istambul. Gidajenta huɗu ne: kofi, da tsabar kuɗi, da takobi, da sandar wasan ƙwallon dawaki. Kowane gida yana da kati goma na lamba da manya uku, wato malik, da na'ibinsa, da na'ibi na biyu. Babu hoton mutum ko ɗaya a jiki, sai zane da rubutun Larabci. Daga wannan kalma ta na'ib ne Sifaniyawa suka samo sunan naipe da suke kiran karta da shi har gobe.

A wajejen 1370 karta ta tsallaka Turai. Kafin a je ko'ina sai ga hukumar birnin Fulorens na Italiya ta haramta ta a 1377, abin da ke nuna yadda ta yi saurin kama zukatan jama'a. Da yake Turawan lokacin ba su san ƙwallon dawaki ba, sai suka mayar da sandar ta koma kulki, suka kuma zana sarakuna da jarumai da fuskokinsu. Jamusawa kuwa suka zaɓi zuciya, da ƙararrawa, da ganye, da 'ya'yan itacen oak.

Alamomin da muka sani a yau Faransawa ne suka fito da su wajen 1480: zuciya, da mai kusurwa huɗu, da kan mashi, da ganye mai kunne uku, biyu ja biyu baƙi. Dalilin kuwa na kasuwa ne, domin waɗannan siffofi ana iya buga su da ƙwarya-ƙwaryar takarda mai huji, a shafa launi sau ɗaya a wuce. Arha ta sa suka danne sauran. Daga birnin Ruwan na Faransa aka riƙa kai su Ingila, Ingilishi kuma suka yaɗa su duk inda mulkinsu ya kai, har da ƙasarmu.

Siyasa ma ba ta ƙyale karta ba. Bayan juyin juya halin Faransa, a 1793 aka buga katunan da aka tuɓe sarakuna aka maye gurbinsu da hotunan 'yanci da daidaito. A Ingila kuwa gwamnati ta ɗora wa karta haraji, kuma daga 1765 hukuma ce ke buga kati mai ɗigo ɗaya na gidan mashi domin shaidar an biya. Shi ya sa har yau katin ya fi sauran ado. A 1805 aka rataye wani Richard Harding saboda ya buga na jabu, ba a kuma soke harajin ba sai 1960. Joka kuwa ɗan baya-bayan nan ne, a Amurka ya ɓullo wajen 1860.

Ba muna kiran kowa zuwa ga caca ba ne, domin Alƙur'ani mai girma ya haramta ta a Suratul Ma'ida, mun kuma ga gidajen da ta rusa. Abin da ya shafe mu shi ne, kalmar karta da kalmar takarda duk tushensu ɗaya, wato charta ta Latin, wadda Abzinawa suka kawo mana ita a matsayin takarda. Ke nan da marubuci da ɗan karta kayan aikinsu guda ne, abin da kowa ya ɗora a kai ne ya bambanta su. Idan ƙaramin abu irin wannan yana ɗauke da tarihin shekara ɗari bakwai, to yaya faifai, da dara, da alkyabba, waɗanda ke jiran mai rubuta nasu? Allah Ya ba mu ikon ɗaukar alƙalami.