Littafi ga shi, ina muryar?

Tsofaffin littattafan koyon Hausa da Turawa suka rubuta suna yawo a hannun ɗalibai, mafi yawa fotokwafi ne na wani fotokwafin. Wanda ya buɗe ɗaya zai ga darasi yana cewa a saurara, a maimaita, a sāke saurara. A saurari me? Littafin ya iso gare mu shi kaɗai, abokin tafiyarsa ya ɓace a hanya. Wannan abokin tafiya, wato muryar da aka ɗauka don ta raka littafin, shi nake son mu bi sawunsa.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni a matsayin ɗalibin kimiyyar harshe, kowane Bahaushe ya san shi ko da bai taɓa shiga aji ba. Rubuta "fara". Fara ce mai cin gero, ko fara aiki, ko farar riga? Rubuta "gado". Na kwanciya ne ko wanda ake rabawa bayan mutuwa? "Kuka" ta miya ce ko na jariri? A baki ba mu ruɗewa, don karin sauti da tsawon wasali suna raba su. A takarda kuwa rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Mu mun iya cike giɓin da kunnenmu. Baƙon da ke koyo a Landan ko a Tokyo ba shi da wannan kunne, sai an ba shi aro.

Labarin ya faro tun kafin a ƙera na'urar ɗaukar murya, kuma ɗan ƙasarmu ne a tsakiyarsa. Dorugu yaro ne daga Dambanas, wajen Kance, aka kama shi bauta, daga baya wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi. Bayan mutuwar Overweg a 1852 ya koma hannun Heinrich Barth, Baturen nan da ya ratsa Tasawa da Gazawa a 1851 kan hanyarsa ta Katsina. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila. Can wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi, yaro yana magana shi yana rubutawa. Daga bakin Dorugu aka samu babban kaso na littafin Magana Hausa da ya fito a 1885, kuma maganarsa ta taimaka wa nahawun Schön na 1862. To amma Edison bai ƙera na'urarsa ba sai 1877, lokacin Dorugu ya daɗe da komowa Afirka. Abin da ya rage mana na waccan hira baƙaƙe ne kawai, ba alamar hawa da saukar murya. Muna da kalmominsa, yadda ya furta su kuwa sai dai kintace. Ni wannan ya fi komai ci mini rai, don Hausar wani yaron yankin Damagaram ce ta shekara ɗari da sittin da wani abu, ga ta a hannu amma bebiya.

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya yi ƙoƙarin toshe wannan kafa, ya sa alamomin karin sauti da tsawon wasali a kan kalmomi. Aiki ne babba. Sai dai alama alama ce, mai karatu sai ya san abin da take nufi a kunne kafin ta amfane shi.

Murya ta shigo littafi sosai ne da yaƙin cacar baka. Da Rasha ta harba Sputnik a 1957, Amurka ta firgita, ta yi doka a 1958 ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da harsunan waje, har da na Afirka. A cikin wannan guguwa makarantar horar da jami'an diflomasiyyarsu ta fitar da Hausa Basic Course a 1963, aikin Carleton Hodge da Ibrahim Umaru. Salon koyarwar lokacin shi ne kunne kafin ido: ɗalibi ya sa abin saurare, zare yana juyawa, murya ta faɗi jimla, a bar ɗan shiru ya maimaita, a canza kalma ɗaya ya sāke. Littafin rakiya ne kawai. A shekarar ce ma kamfanin Philips ya fito da kaset ɗin da iyayenmu suka sani, kuma daga baya darussa irin waɗannan suka koma kansa. Littafin Spoken Hausa na Cowan da Russell Schuh, na 1976, da kaset ɗinsa ya zo. Shi Schuh a nan Nijar ya yi aikin sa-kai na Peace Corps daga 1965 zuwa 1967, a fannin yaƙi da jahilci, kafin ya zama babban malamin harsuna.

Yanzu ga abin lura. Muryoyin littafin 1963 sun tsira, kowa na iya sauke su daga intanet kyauta. Ba don sun fi sauran kyau ba ne. Aikin gwamnatin Amurka ne, dokarsu ba ta ba shi haƙƙin mallaka ba, shi ya sa masu sha'awa suka juye shi a kwamfuta suka watsa ba mai hana su. Na kamfanonin ɗab'i kuwa, kaset daban ake sayar da shi, laburare ya ajiye littafi a kanta, kaset a wata durowa, a ari wannan a bar wancan, har ranar da rediyon da ke kunna shi ta mutu. Takarda tana jure wulakanci. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima da ƙura, ga shi sai da na'ura ake jin sa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa na'urorin kunna zare da kayan gyaransu suna gab da ƙarewa.

Na saurari darussan 1963 a waya, a gida, da ƙannena a gefe. Abin da suka fara kamawa ba abin da ake faɗa ba ne, yadda ake faɗar ne. Hausar littafi ce, wadda aka gina a kan ta Kano. Mu a Madarunfa, jikokin Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi, cewa muke "tahi" da "hwara" da "shina zuwa". Duk wanda ya koyi Hausa da waɗannan darussa ya sauka kasuwar Ɗan Isa, za a gane shi, amma shi zai sha wuya kafin ya gane mu. Ko Hausar Baka, darasin bidiyo da Schuh ya yi da Abdullahi Bature daga baya, a Kano aka ɗauke shi. Ba laifinsu ba ne, dole a zaɓi kari ɗaya a koyar. Amma sakamakon shi ne duniya ta saba da murya ɗaya ta ɗauka ita ce Hausa.

Muryoyinmu an ɗauke su, sai dai ba don littafin koyo ba. A Yamai, cibiyar IRSH da cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, suna riƙe da zaruruwan hirarraki da tsofaffi da maroƙa da mawaƙa na sassan ƙasar nan. Akwai kuma taskar da ba a lissafa ta, a cikin gidajenmu. Kafin wayar hannu, ƴan ci-rani a Abijan ko Libiya kaset suke cikawa da gaisuwa su aiko, a taru a tsakar gida a saurara, a juya wani a mayar musu da amsa. Hausar gida ce tsantsa, ba wanda ya gyara bakinsa don malami. Wasu suna nan cikin akwatin kaka ko ƙarƙashin gado.

Wanda ya tono irin wannan kaset, kada ya jefa shi cikin kowace tsohuwar rediyo, mai tauna zare tana iya gamawa da shi a minti ɗaya. A fara juya shi da biro a hankali a ga ko zaren bai manne ba, a gwada rediyon da wani kaset marar amfani, sannan a kunna sau ɗaya ana ɗauka da waya ko kwamfuta. A rubuta sunan garin mai magana da shekarar da ake tsammani, a tambayi tsofaffin gida tun suna iya cewa muryar wane ce.