Suna ko lamba? Tarihin kundin wayar ofis tun daga 1878

In ka taɓa kiran wani babban kamfani ko otal, wataƙila ka ji murya tana cewa in ka san lambar wanda kake nema ka danna ta yanzu, in ba ka sani ba ka danna sifili. A bayan wannan murya akwai wani jadawali da ba ka gani: ga suna, ga lambar da ke gabansa, ga kuma wayar da za ta yi ƙara in an danna lambar. Wani ma'aikaci ne ya zauna ya cike shi. Aikin kamar ba komai ba, amma an shafe fiye da shekara 140 ana kai da kawowa a kan yadda za a haɗa suna da lamba, kuma akwai lokacin da kuskure a tsarin ya shafi rai.

Mu faro daga garin New Haven na jihar Connecticut a Amurka. A ranar 28 ga Janairun 1878 wani mutum mai suna George Coy ya buɗe cibiyar haɗa waya ta kasuwanci ta farko, da masu waya 21. Ranar 21 ga Fabrairun shekarar kamfanin ya fitar da kundin waya na farko. Shafi ɗaya ne tak, mai ɗauke da sunaye 50: gidaje, likitoci, shaguna, kasuwannin nama da kifi, har da ofishin 'yan sanda. Abin da zai ba ka mamaki shi ne babu lamba ko ɗaya a jikinsa. Ai ba a buƙatarta. Ka ɗauki waya, ka faɗa wa mai haɗawa sunan wanda kake so, shi kuma ya haɗa layinka da nasa a kan allo. Kundin na gaskiya yana cikin kan mai haɗa wayar ne.

To, kai kuwa yana iya ciwo. A ƙarshen 1879 cutar ƙyanda ta ɓarke a garin Lowell na jihar Massachusetts. Cibiyar garin tana da masu haɗa waya huɗu, masu waya kuma sun haura 200. Wani likita, Moses Greeley Parker, ya hango matsala: in huɗun nan suka kwanta lokaci guda, wa zai san ramin da layin kowa yake a kan allo? Sabon ma'aikaci zai daɗe kafin ya haddace. Sai ya ba da shawara a ba kowane mai waya lamba, yadda ko baƙo zai iya haɗa kira. Shugabannin kamfanin sun yi ɗari-ɗari da farko, suna tsoron mutane za su ɗauka raini ne a kira su da lamba. Amma tsarin ya karɓu. Ka lura da dalilin: an kawo lamba ne don kada aikin ya dogara da abin da mutum ɗaya ya haddace.

Mataki na gaba ya zo daga inda ba a zata ba. Almon Strowger mai sana'ar shirya gawa da jana'iza ne a Kansas City. Labarin da aka saba bayarwa shi ne, wai ya zargi mai haɗa waya da karkatar da masu nemansa zuwa wurin abokin hamayyarsa. Abin da yake a rubuce shi ne a 1891 ya sami takardar mallakar wata na'ura mai haɗa kira da kanta, kuma a 1892 aka fara aiki da ita a garin La Porte na jihar Indiana. Na'ura ba ta san suna ba. Bugun lantarki kawai take ƙirgawa: bugu uku ta matsa taki uku, bugu bakwai taki bakwai. Daga nan lamba ta zama umarnin da ake ba inji, nauyin neman lambar kuma ya koma kan mai kira.

Sai dai mutane ba sa riƙe dogayen lambobi cikin sauƙi, don haka kamfanoni suka ɓoye lamba a cikin suna. An buga haruffa a kan faifan da ake juyawa: A, B, C a kan 2, D, E, F a kan 3, haka har zuwa 9. Kowace cibiya a birni tana da suna, kai kuma za ka juya haruffan farko na sunan sannan sauran lambobin. A wancan lokaci lambar Otal Pennsylvania na New York ita ce PEnnsylvania 6-5000, wato 736-5000. A Landan haruffa uku ake juyawa. Lambar hedikwatar 'yan sanda ta Scotland Yard a lokacin ita ce WHItehall 1212. Wannan dabara ma ta zo ta ƙure. Wasu lambobin, irin su 55 da 57 da 95 da 97, da wuya a sami suna mai daɗin faɗa da zai dace da su, ga shi kuma haruffan ba wuri ɗaya suke ba a wayoyin ƙasashe daban-daban. A 1958 kamfanin Bell ya fara komawa lamba zalla a Amurka. Wasu ba su ji daɗi ba, har a 1962 aka kafa ƙungiyar adawa da canjin a San Francisco. Birtaniya ma ta bi sahu daga 1966.

Duk wannan a cibiyoyin gari ne. Yanzu mu shiga cikin ofis. Kamfani mai ma'aikata 200 ba zai ja layi 200 daga waje ba, tunda ba duka suke waya a lokaci guda ba. Sai ya ja layi kaɗan, ya kafa tasa ƙaramar cibiya a cikin gini, wadda ake kira PBX. Kowane tebur ya sami gajeriyar lambar ciki, mai alƙaluma uku ko huɗu. Kira tsakanin ma'aikata ba ya fita waje, layukan waje kuma ana raba su. Da farko mutum ne ke zaune gaban allo a ofishin, galibi mace, kuma ita ce kundin: ta san wanda ya koma wani sashe, ta san wanda ya tafi hutu. Da injin ya karɓi aikin, sai duk abin da ta sani ya zama dole a rubuta shi a tsari.

Tsarin yana da ƙa'idoji, kuma kowace ƙa'ida tana da dalili. Dole inji ya bambance kiran ciki da na waje tun daga alƙalamin farko. A Amurka aka saba danna 9 don samun layin waje, sifili kuma don mai karɓar baƙi. A ƙasashen Turai da dama sifili ne ke fitar da kai waje. Shi ya sa ba a fara lambar ciki da alƙalamin da aka keɓe wa waje. Haka kuma ba a so wata lamba ta zama farkon wata. In akwai 20 kuma akwai 201, inji zai tsaya jira bayan ka danna 2 da 0, don bai san ko ka gama ba. Mai tsari kan kuma ware rukuni, misali ɗari biyu da wani abu na sashen kuɗi, ɗari uku da wani abu na sashen ciniki, ya bar gurbi saboda waɗanda za a ɗauka nan gaba.

Wannan 9 ɗin fa ta taɓa jawo abin takaici. A Disambar 2013, a wani otal da ke garin Marshall na jihar Texas, wani mutum ya kai wa matarsa Kari Hunt hari da wuƙa. 'Yarsu mai shekara 9 ta danna 911, lambar neman agajin gaggawa, har sau huɗu daga wayar ɗakin. Kiran bai fita ba, domin wayar otal ɗin tana buƙatar a fara danna 9. Matar ta rasu. Mahaifinta ya yi ta fafutuka har aka sa hannu a kan Dokar Kari a Fabrairun 2018, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2020. Dokar ta ce sababbin tsare-tsaren waya na ofisoshi da otal-otal su bari a kira 911 kai tsaye, kuma su sanar da wani a ginin cewa an yi kiran. Wata dokar ta ƙara da cewa kiran ya tafi da bayanin inda mai kira yake, kamar hawa da ɗaki. Ka ga kenan jadawalin nan ya ƙaru da shafi na uku: suna, lamba, da wuri.

Shi kuma suna, ta ƙofar baya ya dawo. Da wayar maɓallai ta fito a 1963, daga baya kuma aka sami injin amsa kira, sai aka ƙirƙiro neman mutum da suna: ka danna haruffan farko na sunansa, inji ya nemo lambar. Amma maɓalli takwas ne ke ɗauke da haruffa 26. Tsofaffin wayoyin Amurka ma ba su da Q da Z, sai daga baya ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta sa Q a kan 7, Z a kan 9. Gwada da sunayenmu ka gani. Musa 6872 ne, Nura ma 6872 ne. Muhammad yana farawa da 684, Mohammed da 664, don haka in an rubuta ɗaya a kundi kai kuma ka danna ɗayan, inji zai ce ba ya nan. Ƙ da ɗ da ɓ ba su da maɓalli ko kaɗan. A tsarin Amurka, sunan da ke bayyana a fuskar waya ba ya wuce gurbi 15, saboda haka Abdurrahman Abubakar zai fito a matsayin Abdurrahman Abu.

Daga ƙarshen ƙarnin da ya wuce wayar ofis ta koma kan intanet. A 1999 aka fitar da ƙa'idar SIP, wadda yawancin wayoyin ofis na yau ke amfani da ita, kuma a shekarar ne Mark Spencer ya fara manhajar Asterisk, mai mayar da kwamfuta ta zama PBX. Lambar ciki ta rabu da igiyar da ke bango: ka zare wayar ka kai wani ofis, ko ka sa manhaja a salula, lambar na biye da kai. Kundin sunaye ma ya koma rumbu guda, wanda waya da imel ke karantawa tare. Amma ka kiyaye da abu ɗaya. A SIP, ɓangaren mai kira ne ke rubuta sunan da zai bayyana a wayarka. Ganin sunan banki ko na shugaban ofis a fuskar waya ba hujja ba ce cewa shi ne ke magana, kuma 'yan damfara sun san da haka.

To in wata rana aka ɗora maka cike wannan jadawali, tarihin ya bar maka tambayoyin da za ka yi. Lambar ta mutum ce ko ta kujera? In mai kula da asusu ya bar aiki, masu kira suna neman ofishin ne, don haka gara muƙamin ya sami lambarsa daban. Sunan farko za a fara rubutawa ko na mahaifi? Zaɓi ɗaya ka bi shi a ko'ina, ka kuma sa muryar ta faɗa wa mai kira wanne zai danna. Wa ke gyara kundi ranar da aka sauya wa wani ɗaki? In amsar ita ce mutum ɗaya ne ya san komai da ka, to kun koma Lowell ta 1879. Kafin ka tashi kuma, ka tabbatar lambar agajin gaggawa ta ƙasarku tana fita daga kowace waya a ginin ba tare da an fara danna komai ba.